Zuwa ga Bazazzagin da Ya Kafa wa Tukunya Doka

Malam, ina gaisuwa irin wadda manya ke yi wa na ƙasa da su. Kafin ka ɓata rai, ka tuna ta ko'ina ina da ikon faɗa maka abin da na ga dama: ni Bakanuwa ce kai Bazazzagi, sannan matarka yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ko gaban mai unguwa ka kai ƙarata, dariya zai yi ya sallame ka.

Labari ya iso Kano cewa ka kafa doka a gidanka. An ce ka zauna da biro da rula, ka ja layuka a tsaye da a kwance, ka rubuta abin da za a ci daga Asabar zuwa Juma'a, ka liƙa a ƙofar kicin, har da sa hannu da kwanan wata a ƙasa. Yaya ta ɗauki hoton takardar ta turo mini. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Na karanta tsaf. Asabar faten tsaki. Lahadi faten wake. Litinin ka rubuta "fate mai rama", Talata "fate mai yakuwa", sai ka ce ramar da yakuwar ba tukunya ɗaya suka saba shiga ba. Laraba faten dankali. Alhamis abin da ya rage na Laraba. Ranar Juma'a kaɗai na hango shinkafa, ita ma ka sa mata 'yar alama, a ƙasa ka rubuta "in hali ya yi". To Malam, tun da an san abin da za a sha kullum, me ya kai ka ɓarnar takarda da tawada? Ai da ka rubuta FATE sau ɗaya da manyan baƙaƙe, ka mayar da biron aljihu.

Ban ga laifinka ba don ka nemi yin tsimi. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, babu magidancin da bai koyi lissafi ba, har waɗanda suka gudu daga aji saboda shi. Motar da ke ɗauko hatsi daga ƙauye ba ruwa take sha ba, kuɗinta kuma a kan kwanon awo yake sauka. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi haka tsada. Afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa gefe a sayar wa masu kiwon kifi, sai ga ta a tukunyar mutane. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito titi a Kano saboda tsadar fulawa. Na san za ka washe baki ka ce, to ga Kanawan naku har da zanga-zanga a kan gurasa. E, mun yi. Abincinmu ya kai a fito titi dominsa. Tun da nake ban taɓa jin an ɗaga kwali don fate ba.

Inda ka kuskure shi ne wurin da ka liƙa takardar. Kuɗin abinci ba a kicin yake zurarewa ba. Kafin hatsi ya shigo gida an riga an ci riba ko an tafka asara, kuma wanda ya tafka ta shi ne mai zuwa awo, wato kai. Takardarka ta faɗi abin da za a ci ranar Talata, ba ta faɗi watan da za a sayi masarar ba. Yaya ta ce har yanzu kullum da yamma kake tsayawa wajen mai shago ka auno kwano ɗaya, ka ƙullo man gyaɗa a leda, ka sayi magi guda biyar, ka shigo kana huci kana cewa "matan nan ya cika ɓarna". Hausar na bar maka, ba yau kuka fara ba. Amma mai awon kullum da ke sa wa ludayi ido kamar mutum ne da ya tsaya tare ɗigon rufi da moɗa, ga ƙofar ɗaki a buɗe ruwa na kwararowa.

Bari in koya maka abin da yaron Kano ke sani kafin ya iya ɗaure wando. Babban buhun hatsi kwano 40 ne, tiya 40 a bakinku. Mai shagon da kake zuwa buhu ya saya, ya zazzage, ya ɗora ribarsa a kan kowane kwano, kuma kwanon nasa ba lallai ya cika irin na kasuwar ƙauye ba, balle a yi maganar gyara. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, hatsi yana da lokacinsa. Daga Oktoba zuwa Disamba manomi ya girbe, ga bashin taki a wuyansa, ga auren 'ya, ga kuɗin makaranta, dole ya fitar da kaya kasuwa, farashi ya sauka. Zuwa Yuni, Yuli, Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai iso ba, farashi ya hau. Duk shekara haka take juyawa, sai dai wata ta fi wata.

Abin da ke ba ni dariya, a tsakiyar masara kake zaune. Ga Giwa a bayan gidanka, ga Soba, ga Makarfi, ga Saminaka. Da kaka 'yan kasuwarmu na Dawanau ke tura motoci har ƙofar gidajenku, su kwashe, su kawo Kano su jibge a rumbuna. Kai kana ina? Kana majalisa kana sharhin siyasar duniya. Damina ta yi tsakiya, sai ka fito da leda kana neman kwano ɗaya. Masarar da ka auno jiya, ba mamaki ta zo Kano ta sha iska ta koma, kai ka biya mata kuɗin mota zuwa da dawowa. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Za ka ce kai ma'aikaci ne, albashi ba ya sayen buhu uku a tashi ɗaya. Gaskiya ne. Shi ya sa aka yi adashi. Ka shiga na ofishinku, ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a Nuwamba, ba watan da kake son sake waya ba. In hakan ta faskara, ka nemi maƙwabta biyu ku haɗa kuɗi ku sayi buhu ku raba. Ko kwano 13 ne rabonka, farashin sari ka saya. Matan unguwarmu haka suke yi da shinkafar Kura da jarkar manja da katon ɗin taliya a kasuwar Singa. Ba na yi wa mai neman na yau ya ci yau dariya, shi halinsa daban ne, kuma Allah ya buɗa masa. Kai kuwa wata-wata kuɗi ke shigo maka, ba ka da wannan uzurin.

Sai dai ka ji gargaɗi, don na san halin ɗan boko in ya gano abu sabo: na ci za ka saya, ba na kasuwanci ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, waɗanda suka ci bashi suka jibge masara suna jiran ta ninka sun ji a jikinsu, har da Kanawan da suka fi ka wayo nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi na bakin iyalinsa kuwa, ko farashi ya sauka bai yi kuka ba, tuwonsa ya ci. Ka auna abin da gidanka ke ci a wata, ka sayi na 'yan watanni, ka tsaya nan. Harkar ajiya don riba ka bar wa masu ita.

In ka sayo, saura adana shi, kuma a nan ne nake jin kunya a madadinka. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a garinku take. Irin waken da ake kira SAMPEA da masarar SAMMAZ daga can suka fito, manoma har ƙasashen maƙwabta suna shuka su. Amma bara da ka yi ƙoƙari ka sayo rabin buhun wake, ka jingine shi a bayan ƙofa cikin buhun da ya zo da shi, wata biyu ƙwari suka mayar da shi gari. Yaya ta ce da aka buɗe, su ne suka fara yi muku sallama. Akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Ka shanya wake ya bushe ƙarau, ka zuba, ka matse iskar, ka ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Ko jarka mai tsabta ka cika har wuya ka toshe murfin, aikin ɗaya ne. Ka ɗora a kan katako, kada buhu ya taɓa siminti ya ja sanyi. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne zuba wa abincin 'ya'yan yayata maganin ƙwari na feshi. Irin wannan ganganci ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su sun ƙi ci, mu ma ba mu da cikin ƙarfe.

Kayan miya ma haka. Daga Janairu zuwa Maris tumatir ke cika Kwanar Gafan da Kadawa har a rasa mai ɗauka, ku ma ga fadamar Galma da Hunkuyi. Lokacin ne ake sayen kwando, a yanka a shanya a yi kauɗa, a shanya tattasai da attaruhu, wani a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone a ɗura a kwalabe a rufe da mai. A 'yan shekarun nan ma azumi a Fabrairu da Maris yake faɗowa, daidai kan arahar, ka ga an huta. Da damina ta sauka kuwa, tumatir huɗu ake kasa maka a kashi, kana tayawa mai kayan yana kallon wani wajen. Ka tuna 2016 da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina? Gidajen da suke da kauɗa a tulu ba su san an yi ba. Kuma wa ya ce sai da jar miya ake rayuwa? Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, ba ruwansu da tumatir. Daddawa mai kyau da ɗan busasshen kifi sun gama magana.

Duk wannan aikin waje ne, naka. Na cikin gida kuwa, Malam, ka shiga hurumin da ba naka ba. Matar da kake rubuta wa jadawali ta fi shekara ashirin tana riƙe da shi a ka, ba ta taɓa neman rula ba. Ita ta san in za a tuƙa tuwon dare a ƙara hannu kaɗan, don da safe ɗumame ya tare kuɗin burodi da shayi. Ita ta san ƙanzon tukunya ba na zubarwa ba ne, a shanya shi, ranar da aka ga dama a jiƙa a kwaɗa da ƙuli da albasa, yara su yi ta wawaso. In an kai surfe, dusar ta kaji ce ko ta sayar wa masu awaki, kuɗin ya biya niƙa. In an ɓarza masara, garin na tuwo, tsakin na dambu ko na wannan abin naku. Wake kuwa ta jiƙa shi tun dare ta jefa 'yar kanwa, ya nuna da wuri, gas ko gawayi ya yi saura. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a takardarka, don ba ka san ana yi ba. Kai dai ka ga kwano a gabanka ka wanke hannu.

Kuma ita ba da sunan rana take girki ba, da abin da kasuwa ta wayi gari da shi take yi. Lokacin dankalin Hausa a ci dankali da ƙuli, lokacin kabewa a yi taushe, sabuwar doya ta yi araha a ci doya, damina ta kawo rama da zogale da tafasa a yi kwaɗo. Kai ka rubuta faten dankali duk Laraba, ko dankalin yana tsada ko yana araha. Wanda ya yanke abin da zai ci kafin ya je kasuwa, ai mai kaya ya samu bawa. A je a ga abin da ya yi yawa a ranar, a sayo, sannan a san me za a ɗora.

Shinkafa da ka mayar ta sai Juma'a, mu Kanawa mun daɗe da warware matsalarta. Garau-garau: rabi shinkafa rabi wake, mai da yaji, ɗan latas ko kabeji a sama. Shinkafar da za ta yi wuni ɗaya sai ta yi biyu, waken ya riƙe ciki har dare, yaro ya samu abin gina jiki. Nama ya yi tsada? Ga awara, kwanon waken suya ɗaya ya ishi gida guda har a miƙa wa maƙwabta. Ga ɗanwake, ga alale, ga dambu da zogale da gyaɗa. In kuma naman ake so na gaske, a yi watanda: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa, kowa ya tashi da tsoka da ƙashi da kayan ciki, a farashin da mahauci ba zai taɓa ba ka a kan tebur ba. A soya wani, a shanya wani, ƙashin ya yi ta ba miyar kuka daraja.

Sannan na ga ka ƙirga kawuna, ka rubuta mutum tara, ka ce a auna daidai su. A wane gari? Almajirin gidan fa? Maƙwabciya mai jego da ake miƙa wa kwano ta katanga fa? 'Yan uwanka na ƙauye da ke zuwa asibitin Shika su sauka a gidanku mako guda, su da masu jinyarsu, a wane layi ka sa su? Ni kaina in na zo, a tsakanin Talata da Laraba za ka cusa ni? Tukunyar Bahaushe ba a aza ta babu rabon wanda bai iso ba tukuna. Yaya ta san haka, shi ya sa take ajiye ɗan garin ɗanwake da taliyar murji a gefe, abin da za a iya sarrafawa kafin baƙo ya gama gaisawa. Wannan da ka kira ɓarna, shi ya hana a ji kunyarka shekara da shekaru.

Yanzu bari mu zo inda nake son zuwa tun ɗazu. Autarku ta ba ni rahoto, kuma yaro ba ya ƙarya a kan abin da hancinsa ya shaƙa. Ta ce Baba in ya dawo bayan isha'i, gemunsa ƙanshin ƙuli da albasa yake yi. Yayanta ya ce ya taɓa hango ka a Tudun Wada, ka juya wa titi baya, kai da mai tsire kuna shawara. Da safe kuma, ranar da aka ɗumama fate, sai ka ce kana sauri za ka makara, ashe teburin mai shayi ne ofishin farko, Indomie da ƙwai biyu. Na duba takardarka sama da ƙasa ban ga layin tsire ba, ban ga na mai shayi ba. Kai da ka iya rula, zauna ka tara kuɗin waɗannan na wata guda, ka je Giwa ka tambayi tiya nawa ta wake za su saya. Tsimin da ya tsallake bakin maigida ya sauka a kan kwanon yara, a Kano rowa muke kiransa. Ku kuma kuka cika gari da cewa mu ne marowata.

Zan faɗi wata magana, amma kada ka karanta wa 'yan majalisarku wannan sakin layin. Fate abinci ne na masu hankali. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, ga tsaki, ga ganye, ga gyaɗa, ga wake in an samu, mai kaɗan, ba a neman miya daban. Mai zazzaɓi ya sha bakinsa ya washe, mai jego ta sha ta ji ƙarfi. A wannan tsadar har a cikin Badala ana yin sa, sai dai mu sau ɗaya a mako muke yi, mu rufe ƙofa. Kakanninku sun yi dabara, ban hana su ba. Amma ko dabara ce aka sha ta kwana shida a jere, yaro zai fara leƙen tukunyar maƙwabta, kuma ranar da ɗan yayata ya je gidan wani yana haɗiyar yawu, da ni za ka yi shari'a.

Ga hukuncin da na yanke, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Biro da rula ka miƙa wa Yaya, in ta ga dama ta rubuta, in ta ga dama ta ba yara su yi aikin gida. Kai aikinka kasuwa da kaka: masara, dawa, gero, wake, da buhunan adana su, sai kwandon tumatir in sanyi ya shigo. Kuɗin tsire a raba biyu, rabi ya shiga asusun cefane, ɗaya rabin ka sayo tsiren ka kawo gida a ci da kai a tsakar gida. Na kuma riga na sa sunanka a watandar unguwarmu ta wannan Sallah, kashi ɗaya. Ranar rabo ka zo da kanka da bokiti mai murfi, za a ba ka gurasa bandashe ka ci ka san ka shigo birni. Kuɗin kuwa kafin ƙarshen wata nake son ganinsu, don ba na karɓar alkawari daga bakin Bazazzagi.